Akwatin Kallon Baba

Wata bakwai da shanyewar ɓarin jikin Baba na dama na yanke shawarar saya masa ɗan akwatin nan da ake haɗawa da talabijin. Ni ce 'yarsa ta fari, ni kuma nake zaune da shi tun da mijina ya rasu na dawo gida. Mahaifiyarmu ta daɗe da rasuwa. Ƙanena, wanda har yau muke ce wa Auta duk da furfura ta fara leƙo masa, yana aiki a wani gari mai nisa, can yake zaune da matarsa da 'ya'yansa uku.

Baba magini ne, shekara arba'in yana kan bulo da siminti. Mutumin da bai taɓa yini a gida ba, sai ga shi a kujera ɗaya tun safe har in dawo daga makarantar da nake koyarwa da ƙarfe biyu. Talabijin ɗinmu tasha huɗu take kamawa, biyu daga ciki ma sai shuuu. Nakan tarar da shi ya zuba wa allon ido ana tallar sabulu, amma kana gani ka san hankalinsa ba ya wurin.

Wata abokiyar aikina ce ta ba ni labarin akwatin. Ran Asabar na tafi layin masu kayan lantarki, na shiga wani shago da wayoyi suka cika shi har rufi. Mai shagon ya zaro wani abu baƙi wanda bai fi sabulun wanka girma ba, ya ɗora mini a tafin hannu.

Na ce, "Wannan ɗan abin?"

Ya ce, "Malama, kada ki raina shi. Indai akwai intanet a gidanku, babu abin da ba zai nuna miki ba. Wa za a saya wa?"

"Mahaifina. Tsoho ne, kuma bai yi boko ba."

"Ai shi ya fi dacewa da shi! Kin ga maɓallin nan na jikin rimot? Ya danna kawai ya faɗi abin da yake so, akwatin zai nemo masa. Ya fi 'ya'yan zamani jin magana."

Na yi dariya, na saya. Ban gaya masa harshen Baba ya yi nauyi ba.

Da na isa gida na ja teburin talabijin, na share ƙurar bayansa, na soka wayar inda mai shagon ya zana mini a takarda. Allo ya kawo, amma ya ƙi wucewa sai an saka masa adireshin imel da lambar sirri. Na kira Auta.

"Haba Yaya, ai da kin faɗa mini da ni zan saya masa," in ji shi.

"To ga shi ban faɗa ba. Yanzu ya zan yi da abin da yake tambaya?"

"Kada ki wahalar da kanki, saka nawa kawai."

Ya karanto mini harafi bayan harafi, ina dannawa. Abu ya buɗe. Na ce masa ga Baba nan kusa da ni, ya ce yana shirin shiga taro, zai kira anjima. Baba ya riga ya miƙo hannun hagu zai karɓi wayar. Ya mayar da hannun kan cinyarsa kamar dama ƙuda ya kora.

Maɓallin magana bai yi mana rana ba. Baba ya danna ya ce "gini", akwatin ya kawo masa masu rawa. Ya sake faɗa, ya kawo wani mutum yana gyaran keke. A karo na uku ya ajiye rimot ɗin ya kau da kai. Sai na nemo masa da kaina, na tara masa bidiyon magina a wuri guda, na manna filastar ciwo a kan maɓallai uku da zai riƙa dannawa da babban yatsansa na hagu.

Wallahi makonnin farko na ji daɗin sayen abin nan. Ina shigowa zan jiyo shi yana faɗa da wani magini da ke can wata ƙasa. "Ba... igiya," yake cewa, yana nuna allon da haɓa. "Zai karkace." Wani kuma ya cika ruwa a kwaɓi, wani ya yi rowar siminti. Rannan har dariya ya yi, ta gefe ɗaya na bakinsa, da katangar wani ta zube. Ya fara cinye abincinsa.

Akwai abin da mai shagon bai gaya mini ba. Idan aka bar akwatin shiru na 'yan mintoci, sai ya fara jero hotuna da kansa, ɗaya bayan ɗaya. Da yake da sunan Auta muka shiga, hotunan wayarsa yake nunawa. Ranar da na fara lura, na dawo ne na tarar babu sauti a falon, Baba ya ajiye rimot a gefe. A allon ga babban ɗan Auta da kayan makaranta, ga ta tsakiyar ta cire haƙori tana washe baki, ga ƙaramar, wadda rabonmu da ita tun tana zanin goyo, tsaye da ƙafafunta tana riƙe da kujera.

"Uwata," ya ce, haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. "Ta... tsaya."

Daga ranar magina suka rage samun Baba. Zai kunna, ya ƙi taɓa komai, ya jira hotunan su fito. Ya haddace jerinsu. Idan sabo ya shigo, shi zai fara gaya mini tun ban ajiye jaka ba.

Wata Laraba ina ninke wanki a falon sai wani sabon hoto ya fito. Auta ne da matarsa da yaran, duk sun yi ado, suna tsaye gaban wata katanga koriya mai ƙofar ƙarfe. Ban kawo komai a raina ba sai da na ji Baba ya ja numfashi.

"Ni na gina," ya ce.

Na ƙara dubawa. Katangar gidan surukan Auta ce, iyayen matarsa, nan cikin garinmu, tafiyar da ba ta kai minti goma a mota ba. Baba ne ya gina ta shekarun baya, ya yi mata wani ado na bulo a sama da babu mai irinsa a layin. Da fara ce. Watan jiya muka wuce ta a hanyar asibiti muka ga ana shafa mata koren fenti, har Baba ya yi tsaki ya ce sun ɓata masa aiki.

A kusurwar hoton akwai kwanan wata da ƙananan lambobi. Na matsa na karanta. Kwana goma sha biyu da suka wuce. A daidai wancan makon ne Auta ya ce mini an hana shi hutu, ko kwana ɗaya ba zai samu ba. Hotuna suka ci gaba da zuwa: ga shi a falon surukinsa yana dariya, ga yaran kan cinyar kakansu na can, ga su a bakin wani shago da nake wucewa kullum in zan tafi aiki. Kwana uku suka yi a garin.

Na ɗauki waya.

"Bar shi," in ji Baba.

"Baba, kwana uku fa!"

"Uwata. Bar shi."

Na ajiye. Amma abin ya kwana yana cina, ya tashi da ni. Washegari da aka fita hutun tara na zagaya bayan aji na kira shi. Ban ko amsa gaisuwarsa ba, na ce katangar surukansa ta yi kyau da koren fenti.

Can ya ce, "Wa ya gaya miki?"

"Talabijin ɗin Baba. Shi ya fara ganewa, ai ka san aikinsa ne."

"Yaya, ki saurare ni. Na zo. Wallahi na zo har bakin layinmu, na tsayar da mota. Na kasa shigowa. Ba zan iya ganinsa a haka ba. Mutumin da yake ɗaga buhun siminti da hannu ɗaya, a ce yau ana goge masa baki..."

"Ni da nake goge masa, zuciyar dutse gare ni? Ni nake ɗaga shi, ni nake wanke shi. Kai ko sallama ta gagare ka. To yaran fa? Su ma ba za su iya ganinsa ba?"

"Kin fi ni ƙarfin hali, na sani."

"Ba ƙarfin hali ba ne, Auta. Babu wanda zan bar wa ne."

Na faɗi wasu maganganun da ba zan maimaita ba, har na sako matarsa a ciki, ita da ba ta yi mini komai ba. A nan muryarsa ta sauya. Ya ce shi taimako ya yi da ya ba mu lambarsa, bai san leƙen asirinsa za a riƙa yi ba. Ya kashe wayar. Aka buga ƙararrawa na koma aji, na koyar da darasin da ban san me na ce a cikinsa ba.

Da na dawo gida na tarar da Baba gaban allo shuɗi mai rubutu. Akwatin yana neman lambar sirri. Na saka wadda na rubuta a bayan kalanda, ya ce ba daidai ba. Na sake sakawa a hankali, ya sake ƙi. Auta ya canza ta.

Na kira mai shagon ya koya mini yadda zan buɗe da sunana. Kafin la'asar magina sun dawo. Baba bai taɓa rimot ba, ya zauna yana jira. Bayan 'yan mintoci allon ya fara jero hotuna: wani dutse mai ƙanƙara, wani teku, wata gada da fitilu. Ya kalli biyar ko shida, sannan ya juyo gare ni.

"Yaran?"

Na ce akwatin ne ya ɗan samu matsala.

Ya dube ni ya ce, "Kin kira shi."

Ban musa ba. Na ce ai gaskiya na gaya wa Auta, kuma dole wani ya gaya masa.

"Na san... ba zai zo ba," in ji Baba, yana jan kalmomin ɗaya bayan ɗaya. "Tun asibiti na sani. Amma ina ganinsu."

Na tura wa Auta saƙo na ba shi haƙuri kan abin da na ce game da matarsa, na roƙe shi ya mayar da lambar ko don Baba. Ya amsa bayan kwana biyu cewa komai ya wuce, zai zo ƙarshen wata, mu yi magana ido da ido. Bai ce komai kan lambar ba. Matarsa ta turo hotuna uku a wayata, duk tsofaffi, waɗanda Baba ya riga ya haddace. Na nuna masa, ya ce allon wayar ya yi masa ƙanƙanta.

Wata ya ƙare, wani ma ya ƙare. Baba ya ce in juya masa kujerarsa ta fuskanci taga, ko da yake babu abin gani ta nan sai bangon maƙwabta da igiyar shanya. Abincinsa ya koma rabi. Wani lokacin ina kunna masa maginan don falon ya samu motsi, su yi ta kwaɓa siminti a bayansa, ko da ruwa ya yi yawa ba ya tankawa.

Har yau ban ga laifina a maganar da na gaya wa Auta ba, amma ni nake kwashe kwanon da ba a cinye ba. Ran Lahadin da ta wuce ina yanke masa farce, hannunsa na dama a cinyata, sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Yanzu ƙaramar ta isa gudu."

Na ce, "Ta isa, Baba." Na kama yatsa na gaba.