Auren Mangwaro a Kwance

Wata biyar ke nan Malam Yari yana sallah a kan kujera. Ƙugunsa ya riƙe. An yi ƙaho, an yi allura, an sha saiwoyi, shiru. Likita ya hana shi duƙawa. Amma tun da ya yi ritaya, ba abin da ke fitar da shi gida sai ɗan lambunsa na bayan Ƙofar Sauri, inda yake aurar da mangwaro: ya yanko reshen mai zaƙi, ya ɗaura a jikin ƙaramin dashe.

"Malam, ruku'u ya gagare ka, amma za ka duƙa wa icce?" in ji matarsa Furera, ganin ya ɗauki wuƙa.

"Damina ba ta jirana," ya ce, ya fice.

Ya tsaga dashen, ya duƙa zai cusa reshen, sai ciwon ya soke shi daga ƙugu har tafin ƙafa. Ya zube. Ya yi ta kira, ba kowa, waya kuma tana cikin rigar da ya rataye nesa. Ya san in tsagar ta bushe, aikin ya tashi a banza. Ya ja jiki, kunci a ƙasa, hawaye na zuba, ya cusa reshen a tsagar, ya naɗe ta da leda.

Da la'asar Furera ta iso tana salati. Bai ce ta ɗaga shi ba.

"Duba min, ɗaurin ya yi?" ya ce. "Ja ni gaba, saura dashe shida."