Ɗakin Mata na Uku

Shekara tara ke nan Sista Nsofwa Kapembwa take karɓar ɗaliban likitanci na mako biyu kafin a sake su cikin majinyata. Ita ke koya musu wanke hannu, da laluben jijiya, da yadda ake gaida mara lafiya kafin a ɗaga masa riga. A asibitin koyarwan nan na garin mahaƙa tagulla, da wuya ka sami ƙaramin likitan da bai taɓa shan faɗanta ba.

A daminar bana rufin ajinta ya fara yoyo, sai hukumar asibiti ta ce a kwashe kayan koyarwa a kai tsohon Ɗakin Mata na Uku, wanda ya daɗe a kulle. Aka miƙo mata mabuɗin. A ɗakin nan ta fara aiki tana da shekara ashirin da huɗu, lokacin da ƙanjamau ke ɗibar mutane kuma magani bai iso ƙasar ba. Gadaje talatin ne, amma mata kan kai hamsin, wasu a ƙasa bisa tabarma. Akwai ranar da suka fitar da gawa bakwai kafin abincin rana.

Ta tarar an share, an yi fenti, amma gadajen ƙarfen su ne dai. Masu ɗaukar kaya sun kwantar da mutum-mutumin roba guda shida a kai, sun ja musu zanin gado har ƙirji. Ta daɗe a bakin ƙofa kafin ƙafarta ta yarda ta shiga.

Ɗalibai ashirin da biyu aka ba ta, kowa da sabuwar farar riga wadda ko karin guga bai sake ta ba. Mai surutun cikinsu shi ne Katongo, wani dogo mai dariya kamar ana buga ganga. Tun ranar farko ya raɗa wa robobin suna.

"Sista, wannan kakar tawa ta ƙi magana," in ji shi. "Na gaishe ta sau uku, ko kallona ba ta yi ba."

"Ta ga hannunka ne," in ji Sista Nsofwa. "Da waɗannan faratan za ka taɓa mutane? Je ka yanke, gona ake nema da su ba asibiti ba."

Aji ya fashe da dariya. Ita ma ta ɗan murmusa, ta ce a ranta wataƙila makonni biyun za su wuce lafiya.

Rana ta huɗu da hantsi, tana nuna musu yadda ake sa allurar ƙarin ruwa, sai ta ji ƙwas, ƙwas, ƙwas a bayanta, daga wajen taga. Allurar ta kuɓuce mata. Katongo ne ya jingina da gadon ƙarshe yana buga biro a jikin ƙarfen, hankalinsa na wani wuri.

"Bari!" Ta daka masa tsawar da ita kanta ba ta san tana da ita ba. "Sauka daga jikin gadon nan!"

Yaron ya ja da baya, baki buɗe. Ta ce su tafi hutun shayi, alhali saura kusan awa guda.

A wannan gadon ƙawarta Lubuto ta kwanta. Tare suka yi makarantar 'yan mata a garin Mpika, bargo ɗaya suke rufa in sanyi ya tsananta. Ciwon ya cinye mata murya, don haka in tana son wani abu sai ta buga cokali a ƙarfen gado. Ranar da ta rasu ta buga, Nsofwa ta zo, Lubuto ta miƙo hannu duk gyambo tana so a riƙe. Safar hannu ta ƙare a ɗakin tun safe, Nsofwa kuma tana da cikin fari wata biyar. Ta ce, "Ina zuwa, Lubuto." Ta fita baranda ta tsaya tana kallon ruwan sama, tana jin bugun cokalin har ya daina. Ko mijinta ba ta taɓa faɗa wa wannan ba.

Tana zaune a kujera, sai ta ga ashe ɗaliba ɗaya ba ta fita ba. Chibesa Mwango ce, siririyar nan da ke zama a baya, wadda ba ta tambaya amma ba ta kuskure.

"Sista, in ba za ki ji haushi ba. An ce kin yi aiki a nan da can."

"Na yi."

"Mahaifiyata a nan ta rasu. Ina da shekara biyu. Kakata ta ce Ɗakin Mata na Uku, watan Maris, shekarar dubu biyu da uku. Sunanta Mwaba Mwango." Ta gyara wuyan rigarta. "Kakata ta je gida ɗauko mata nshima, tuwon masara, ta dawo ta tarar an rufe ta. Har yau tana cewa ita kaɗai ta mutu kamar mara dangi. Ko kin tuna ta?"

Sista Nsofwa ta dubi gadajen ɗaya bayan ɗaya. Fuskoki suka yi ta zuwa mata, duk ramammu, duk idanu manya, babu wadda ta zo da suna. Ƙarya ta zo mata har kan harshe: ai na tuna ta, kyakkyawa, ina riƙe da hannunta. Yarinyar za ta karɓa, kakar ma ta samu barci.

"'Yata, ban tuna ba," ta ce. "Suna da yawa. Kuma ba zan ce miki kowa ya samu mai riƙe masa hannu ba. Wasu ba su samu ba. Ni shaida ce."

Chibesa ta gyaɗa kai, ta ce ta gode, ta fita.

Sauran kwanakin Sista Nsofwa ta yi aikinta yadda ta saba. Ta koya musu awon jini da juya mara lafiya ba tare da an ja masa fata ba. Ta ba Katongo haƙuri a gaban kowa, shi kuma ya ce ai kakarsa ta roba ma ta yi masa faɗa a kan haka. Amma duk sanda ta ɗaga kai sai ta ga Chibesa tana bin gadajen da ido, tana neman wanne ne.

Ranar Asabar da safe ta sauka ɗakin ajiyar takardu. Baba Chileshe, tsohon da ke tsaron wurin tun kafin a ɗauke ta aiki, ya cire tabarau ya dube ta.

"Dubu biyu da uku? Sista, gara ta ci rabinsu, ruwa ya ci rabin sauran. Me kike nema wurin matattu da sassafe haka?"

"Baba, ka dai buɗe mini."

Ya buɗe yana ƙunƙuni. Suka yi ta sauke kwalaye, ƙura na sa su tari, har rana ta take. Shi ne ya ciro littafin rahoton jinya na ɗakin, bangonsa ya ruɓe. Ta buɗe watan Maris, ta bi sunaye da yatsa. Ranar sha tara ta ga Mwaba Mwango, gado na takwas. A ƙasa an rubuta: an yi mata wanka ƙarfe goma, an canza zani. Ƙarfe ɗaya ta sha rabin kofin shayi, ta tambayi 'yarta. Ta cika ƙarfe biyu da minti goma, ina wurin.

Rubutun mai karkata hagu ne, da shuɗin biro. Sa hannun da ke ƙasa nata ne.

Ta zauna a kan kwali. Ta karanta sau huɗu tana jiran fuskar matar ta dawo mata, ko muryarta, ko launin zaninta. Babu abin da ya dawo. Wadda ta gudu ta bari ita ce ke bin ta shekara ashirin, wannan da ta tsaya a kanta kuwa ta ɓace mata sam.

"Kin samu?" in ji Baba Chileshe.

"Na samu. Ara mini shi zuwa Litinin."

"Littafin gwamnati ne fa."

"Gara ma ba ta nemi izininka ba, Baba."

Litinin ƙarfe bakwai da rabi ɗaliban suka taru a ƙofar ɗakin majinyata na gaske, inda likitan da zai karɓe su yake jira. Warin magani da na kunun safe ya cika barandar. Yau ko Katongo bakinsa ya mutu, sai shafa aljihu yake yana duba ko abin sauraren ƙirjinsa na nan. Sista Nsofwa ta ja Chibesa gefe, ta buɗe mata shafin, ta riƙe mata littafin don takardar ba ta da ƙwari.

Yarinyar ta karanta, leɓɓanta na motsi. Da ta kai ƙarshe ta ɗago.

"Ke ce?"

"Hannuna ne. Har yanzu ban tuna ta ba, kada in yaudare ki. Amma a lokacin ba na rubuta abin da ban yi ba."

"Ta tambaye ni," in ji Chibesa a hankali. Sai kuma ta ce, "Da sukari take sha, ko babu?"

"Ban rubuta ba, 'yata."

Chibesa ta ciro waya ta ɗauki hoton shafin don ta kai wa kakarta. Likitan ya fara kiran suna daga ciki. Ta share ido da bayan hannu, ta nufi famfon bakin ƙofa ta wanke hannuwanta har gwiwar hannu, sannan ta shiga. An ba ta wata tsohuwa mai kumburin ƙafa a gado na biyu. Sista Nsofwa ta hango ta ta durƙusa tana gaisuwa, tsohuwar tana tambayarta 'yar gidan wa ce.

Ta rungumi littafin ta gangara ta mayar wa Baba Chileshe. Ya tura mata kujera, ya zuba mata ruwa a kofinsa.