Silin ɗin Asama'u

Da na gama digiri na dawo Makoda, shekarar da taki ya gagari kowa, Baba ya tambaye ni a kan me na yi bincike. Na ce masa silin. Ya gyaɗa kai, ya ce sana'a ce mai kyau. Kunya ta hana ni ƙarin bayani, kafin Juma'a kuwa duk unguwa ta ji cewa 'yar Malam Dabo ta karanto silin a jami'a.

Ranar Asabar Malam Tasi'u, shugaban kwamitin masallaci, ya yi sallama a gidanmu tare da dattawa biyu. Gara ta cinye silin ɗin masallaci, suna so in duba. Baba ya shimfiɗa musu tabarma a zaure, yana ta kallona da murmushi. Idan na ce ban iya ba, shi za a yi wa dariya a majalisa har kaka.

Na durƙusa na yi bayani a hankali. Nawa silin ɗin ba na rufin ɗaki ba ne, sinadari ne. Silikon da ke cikin yashi da kabon da ke cikin gawayi su ne suke riƙe juna da hannu bibbiyu. Iri-iri ne, amma yawancinsu da iska ko danshi ya taɓa su sai su lalace.

"Wato ba ya jure iska, ba ya jure ruwa," in ji Malam Tasi'u. "Ke kin taɓa ganinsa?"

Na ce a'a, ɗakin gwajinmu babu kayan aiki, a takarda na haɗa shi.

"Kuma aka sa hannu an gama?"

"An sa, Malam."

Dattawan suka dubi juna. Baba ya sunkuyar da kai. Malam Tasi'u ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce ai irin wannan silin ɗin aka yi wa makarantar firamare bara, ba su san har digirinsa ake yi ba.

"Malam Dabo, wannan yarinya ta fi ƙarfin masallaci. Kwangila ta karanto."

Suka yanke shawarar kai sunana wurin kansila, masallaci kuma a kira Khalilu kafinta. Baba ya raka su har bakin titi, ina jiyo shi yana cewa tun tana ƙarama ba ta da surutu.