Gansakuka a Falon Alhaji Nu'uman

Hannun Alhaji Nu'uman na cikin ruwa har hammata, riƙe da tsohon buroshin haƙori, yana ta dirzar dutse kamar mai wankin tukunya. Duk inda ya dirza sai koriyar gansakuka ta tashi ta yi yawo cikin ruwan, ta koma ta kwanta a wani gefen. Babban mutum guda, dillalin shadda da ake miƙe masa a kasuwar Kwari, ga shi nan daga shi sai singileti yana kokawa da ciyawa a falonsa na Fagge.

Matarsa, Hajiya Falmata, ta leƙo daga ƙofa ta riƙe baki.

"Alhaji, dattawan nan fa bayan la'asar za su zo. A haka za su same ka?"

"Hajiya, bar zancen dattawa, zo ki gani. Ta hau kansa."

Ba sai ta tambayi kan wa ba. A gidan nan idan Alhaji ya ce "shi" da wannan muryar, murjani yake nufi. Bara ya ga irin akwatin gilashin nan na kiwon kifi a wani otal a Dubai, ya rantse sai ya ajiye teku a falonsa, kuma ya ajiye. Tsawonsa ya kai doguwar kujera. Ruwansa na gishiri ne, gishirin ma daga waje ake kawo shi a buhu. Sola aka haɗa masa tasa daban, don ko an ɗauke wuta a unguwa, kifayen Alhaji ba sa sani. A tsakiya, kan wani dutse, murjanin yake zaune, ruwan hoda, mai rassa kamar ƙaramar bishiya. Sai da ya saye shi ya san ashe abin da mata ke ratayawa a wuya halitta ce mai rai.

Gaskiyar magana, don a gani a faɗa ya saya. Amma daga baya abin ya shiga ransa. Duk wanda ya yi wa Alhaji sallama da abin da ya kawo shi: wannan haihuwa, wancan asibiti, wancan ɗansa ke neman aiki. Murjani kuwa, da safe sai ya buɗe 'yan yatsunsa yana kaɗa su a ruwa, bai taɓa cewa a ba shi komai ba. Alhaji yana sonsa, so na gaske. Yanzu ga gansakuka ta lulluɓe rassansa kamar gemu, rabinsu sun daina buɗewa, ƙasansu ya fara fari.

Ya ɗebi ruwan a kwalba, ya zura riga. Bai jira direba ya fito da mota ba, cunkoson motoci a shataletalen Bata ya ishe shi, ya tari adaidaita sahu zuwa Sabon Gari.

Madam Obiageli ce ta haɗa masa akwatin tun farko, shagonta na kayan kifi yana bayan kasuwa. A Kano aka haife ta, Hausarta ta fi ta wasu 'yan Fagge daɗi. Ta ɗiga wani magani a ruwan kwalbar ta girgiza, ruwan ya rikiɗe ya yi shuɗi. Ta ɗaga shi sama ta kalla, ta kalli Alhaji.

"Alhaji, teku ka kawo min ko romo? Wa ke ba kifin nan abinci?"

"Ni, da safe."

"Kai kaɗai?"

Ya gyara hula. "To, da baƙi."

Nan zancen ya fito. A gidan Alhaji Nu'uman baƙo yakan sha ruwa, ya ci abinci, sannan a miƙa masa gwangwanin abincin kifi ya zuba da hannunsa, ya sa albarka. Alhaji ne ya fara abin da wasa, sai ya zama al'ada. Kuma gidan ba ya rabo da baƙi daga hantsi har isha. Wani ma idan ya zo roƙo, sai ya ƙara zubawa don Alhaji ya ga yana ƙaunar kifin. Fitilar kuwa ba a kashe ta, saboda me za a kashe abin da aka saya don a gani?

"Shi ke nan," in ji Madam. "Abincin da kifi bai ci ba ruɓewa yake a ƙasa, shi ne takin gansakuka. Ga haske kuma ba dare ba rana. Gona ka yi mata, Alhaji, har da ban-ruwa."

"A ba ni magani, ko daga ina ne."

"Babu maganin da ya wuce yunwa da duhu. Ka kashe fitila, ka rufe akwatin ruf na 'yan kwanaki, ka bar famfon da ke juya ruwan yana aiki. Abinci kuma a tsaya tukuna. Kifayen ba za su mutu ba, su ma za su huta. Daga baya zan turo a canja ruwan. Amma ka fara yau. In ka ƙara masa ko kaɗan, murjanin nan ba zai kai labari ba."

Ya fahimta sarai, kuma ya yarda. Yana komawa gida ya sa aka yanko baƙin yadi mai kauri daga sito, ya kashe fitila, ya rufe akwatin da hannunsa, ya ɗauke gwangwanin ya jefa a aljihun babbar rigarsa don kada wani ya yi kuskure. Hajiya Falmata ta kalli abin ta ce ya yi kama da makara. Ya yi kamar bai ji ba.

Bayan la'asar dattawa suka iso. Shugaban ƙungiyar 'yan layinsu a kasuwa zai sauka, Alhaji Nu'uman na neman kujerar, kuma duk wanda dattawan nan suka ɗaga wa hannu ya gama. Babbansu Baba Ari ne, tsoho mai sanda da ba ya magana sau biyu. Cikinsu akwai Malam Abdulƙahhar, wanda kowa ya san zuciyarsa na wajen abokin takara, amma hakan bai hana shi zuwa cin abinci ba.

Aka baje dambu da farfesun kayan ciki, aka ci aka yi nak. Ana wanke hannu Malam Abdulƙahhar ya waiga, ya yi murmushin nan nasa mai sanyi.

"Alhaji, yau ba za a ba mu mu gaisa da mutanen ruwa ba? Ko rasuwa aka yi?"

"Magani ake musu, Malam. Gansakuka ce ta dame su. An ce a rufe su, a ɗan tsayar da abinci."

"A tsayar da me?"

"Abinci. Na ɗan lokaci ne."

Famfo na ta gurnani a ƙarƙashin yadi. Malam Abdulƙahhar ya ajiye tsinken sakace a hankali.

"Subhanallahi. Wato ka raba dabba da garinsu, ka tsare ta a gilashi, ba ta da ikon fita ta nema, sannan ka kashe mata fitila ka hana ta ci? Alhaji, ni dai ba zan ce komai ba. Kai ma ka yi karatu."

"Ai don lafiyarsu ne. Wadda ta san aikin ce ta ce..."

"Haka ake cewa kullum," wani ya tsoma baki daga gefe. "Duk wanda zai ƙuntata maka, don lafiyarka ne."

Aka kwashe da dariya. Wani ya ce Allah dai ya sa in an hau kujera ba za a yanko wa 'yan layi baƙin yadi ba. Wani ya tambaya, da fuskar tausayi, ko kasuwa ce ta ɗan juya, in haka ne ai ba abin kunya ba ne, sai a haɗa wa kifin wani abu. Kai, mutane! Farfesun mutum bai gama sauka a cikinsu ba suna yi masa karo-karo.

Duk wannan bai dami Alhaji ba kamar shirun Baba Ari. Tsohon ya dafa sandarsa yana kallon baƙin yadin, can ya ce:

"Nu'umanu, na san mahaifinka. A ƙofarsa ko akuyar maƙwabta ba ta kwana da yunwa. Abin da ya kawo mu gidan nan ke nan, ba wani abu ba."

Alhaji ya kalli tsohon, ya kalli akwatin. Ya san abin da ke ƙarƙashin yadin, ya san abin da Madam ta ce, bai manta ko kalma ɗaya ba. Sai ga shi yana dariya, dariyar da shi kansa bai san daga ina ta fito ba.

"Haba Baba! Gwada ku nake yi."

Ya miƙe ya fizge yadin, ya kunna fitila. Kifaye suka firgita suka watse. Ya zaro gwangwanin daga aljihu, ya durƙusa ya miƙa wa Baba Ari da hannu biyu.

"A sa mana albarka."

Baba Ari ya yi bisimilla ya zuba. Na kusa da shi ya zuba fiye da nasa, don kada a ce. Gwangwani ya zagaya falo. Da ya iso hannun Malam Abdulƙahhar sai ya kife shi gaba ɗaya, har da bubbuga gindinsa, ya ce ramuwar yunwar da suka sha ce. Wani da bai samu ba ya ɗebo ragowar dambu a faranti ya watsa, ya ce su ma su san ana biki. Alhaji yana tsaye yana cewa madalla, madalla, idonsa na kan garin abincin da ke sauka a hankali bisa rassan murjani.

Aka yi addu'a, aka shafa. Baba Ari ya kama hannunsa ya ɗaga. A bakin ƙofa kuma tsohon ya ƙara da cewa daga yanzu a falon nan za a riƙa yin taron ƙungiya, kowa ya samu ladan ciyarwa. Aka ce an amince.

Da ya dawo daga rakiya, ruwan ya yi fari kamar kunun gyaɗa, man dambu na yawo a sama. Ya durƙusa ya manna goshinsa a gilashin. Da ƙyar ya hango murjanin. Ko yatsa ɗaya bai buɗe ba. Ya daɗe a haka, har Hajiya Falmata ta shigo kwashe kwanuka.

"Barka, shugaba," ta ce. Da ta ga fuskarsa sai ta ci gaba da tattara faranti.

Ya zauna a ƙasa, ya ciro waya ya kira Madam Obiageli.

"Alhaji, ka rufe shi?"

"Madam, kina da murjani na roba?"

"Akwai. Amma Alhaji, naka fa zai iya tashi in ka..."

"Ki aiko min gobe," ya ce. "Ruwan hoda. Ki zaɓo wanda in an kalla za a ce yana da rai."