Iyakar Sama

A fuskar kwamfutar, bishiyar kukar wani tsohon manomi, Mba Andani, ta fito ba kai. Gindi ne kawai dungurmi, kamar turmin da aka kife.

Fadilatu ta tsaya a bayan abokin aikinta Irfan tana kallo. Su biyu ne suka tashi ɗan jirginsu marar matuƙi a kan gonakin ƙauyen Gbalahi, suka ɗauko hotunan da za a haɗa taswira. A kan taswirar nan injiniya zai ja layin sabuwar hanya, kuma shi abin da ya gani a taswira shi ne gaskiya. Babbar bishiya ya kauce mata, ƙaramin tsiro kuwa ya bi ta kansa.

"Ina kan kukar?" in ji ta.

"Na sauko da iyakar sama," in ji Irfan. "Balbelu sun ɓata mana aiki. Dubi."

Gaskiyarsa ne kuwa. Manhajar haɗa taswirar ba ta fara aiki sai an zana mata akwati: gabas da yamma, kudu da arewa, sannan daɓe a ƙasa da rufi a sama. Duk abin da ya wuce rufin, ta zubar. Ranar da suka ɗauki hotunan, garken balbelu ya gifta, sai sararin taswirar ya cika da farin ɗigo-ɗigo kamar an watsa gari. Irfan ya danno rufin ƙasa, tsuntsaye suka ɓace, kan kuka ya bi su.

"A reshen sama tsohon nan ya rataya amyarsa," in ji Fadilatu. "Da zumar yake ci da gidansa."

"Yaya Fadila, in muka ɗaga rufin, wa zai share dattin?"

Fadilatu ta ja kujera. Kai, yarinyar nan akwai taurin kai, kuma wallahi irin wanda ake so! Ta ɗaga rufin, kuka ta miƙe da rassanta, balbelu suka dawo kaf. Ta shiga goge su ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Abincin da ta saya a unguwar Gurugu ya huce a leda. Irfan ya yi ta mita, daga baya kunya ta kama shi, ya karɓi ɓangaren yamma.

Bayan an ja layin hanya, suka koma Gbalahi nuna wa manoma. Mba Andani ya matso da sandarsa, shi da tsoron a sare masa kuka ya hana sakat tun ranar da ya ji ƙarar jirgin. Ya ga jan layi ya taho tiryan-tiryan, ya iso kusa da kukarsa, ya lanƙwasa ya wuce.

Fadilatu ta nuna masa akwatin, ta yi masa bayanin rufin.

"Ikon Allah," in ji tsohon. "Na tsufa ina rigimar iyaka a ƙasa, ban san sama ma ana yanka ta ba." Ya sa yatsa a tsakanin kan bishiyar da layin rufin. "To wannan filin da kika bari, 'yata, na wa ne?"

"Na ƙudan zumarka ne, Mba. Ai su ma sai sun sami hanyar komawa gida."