Bita Ranar Binne Alcide

Mis Odile Thibodeaux ta shigo zauren bita cikin baƙaƙen kaya, har da hula mai raga da safar hannu, ranar da za a binne mijinta. Ina tsaye ina jera kofunan awo a kan tebur. Na ɗago na gan ta, na mayar da kai na ci gaba da jerawa. Kada a ce ba ni da tausayi. Na daɗe a aikin nan har na kai inda in abu ya faru sai ya kwana biyu kafin ya iso zuciyata, wani lokacin ma ya ɓata a hanya.

Ƙungiyarmu ce ke tsaya wa matan da ke renon yara a gidajensu a wannan ɓangare na birnin Lake Charles. Su ciyar da yaran, mu leƙa mu tabbatar, gwamnati ta mayar musu da abin da suka kashe. Cikin sharuɗɗan akwai halartar bita ɗaya daga cikin waɗanda muke shiryawa a shekara, ni ce kuma mai gabatar da su. Wadda ba ta zo ba, sai a aika mata da gargaɗi. In ta sake, a cire ta daga shirin, sunanta ya hau jerin waɗanda aka haramta wa, ya yi shekaru a can. Mis Odile ta riga ta karɓi nata gargaɗin, don duk bitar da aka yi bana tana asibiti a gefen gadon Alcide. Wannan Asabar ita ce ta ƙarshe kafin shekarar shirin ta rufe. Yara shida take riƙewa, 'ya'yan matan da ke aikin kwana a matatar mai da gidajen caca, kuma in aka cire ta tukunyar gidan ba za ta ƙara tafasa da yawan nan ba.

Ta zo har gaban tebur, ta cire safar hannun dama.

"Vernell, 'yar nan, ba ni biro in sa hannu in wuce. Suna jirana a coci."

"Sannu da haƙuri, Mis Odile. Allah ya ji ƙansa."

"Amin. Biron dai."

Haka ake yi a da, kowa ya sani. Mace ta sa hannu a bakin ƙofa, ta ɗauki kofi da donat, ta zauna kaɗan don ganin ido, sai ta ce za ta banɗaki, sai kuma baɗi. Mu ma mu aika mata da takardar shaida ta gidan waya. Bara masu bincike daga jiha suka zo suka tono wannan al'ada, suka ba ƙungiyar irin gargaɗin da muke ba mata. In aka sake kama mu, a rufe mu, gidajen da ke ƙarƙashinmu duka su shiga rana. Shugabanmu Mista Guillory, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu, ya kafa doka: sa hannu a farko, sa hannu a ƙarshe, da ɗan gwaji a tsakani. Jiha kuma ta turo wata mata ta zauna a layin baya da tsarin bitar a cinyarta, tana bin mu batu bayan batu.

Na nuna wa Mis Odile matar da ido. Na yi mata bayani a hankali, cikin muryar da nake yi wa kowa bayani.

Ta juya ta kalli matar jihar, ta kalli agogon bango.

"To," in ji ta. "To."

Ta sa hannu, ta je ta zauna a layin gaba, ta ɗora jakarta a kan gwiwa.

Earline ce ta fara tasowa. Earline tana renon yara a unguwa ɗaya da Mis Odile, kuma ita ce mai hana kowace bita ƙarewa da wuri, don ba ta taɓa jin magana ba ta sa mata tambaya ba.

"Vernell, kanki ɗaya kuwa? Mijin matar nan yana kwance a akwati, ke kina nan kina jera kofi?"

"Ba ni na tsara ba, Earline."

"Kullum ba ke kika tsara ba. Ranar da za a binne ki ma sai an sa hannu sau biyu."

"In haka dokar ta ce."

Ta yi tsaki, ta koma ta zauna kusa da Mis Odile. Na taka zuwa layin baya na duƙa wajen matar jihar. Yarinya ce, ba za ta wuce sa'ar 'yata ba, da tabarau da takalmin gudu. Na gaya mata halin da ake ciki. Ta saurara har ƙarshe, fuskarta ta yi ja.

"Ni ba ni da ikon yafe wa kowa," ta ce da ƙaramar murya. "Ku ne ke sa hannu a takardar. Ni abin da na gani kawai nake rubutawa."

Na kunna majigi na fara.

Na yi wannan bita har ina iya yin ta cikin barci, ranar kuwa na yi ta da gudu. Yawan madarar ɗan shekara ɗaya da ta ɗan shekara uku. Wace madara ce mai mai, wace ce aka yaɗe. Hatsin da ba a surfa ba sau ɗaya a rana. Ganye daban, 'ya'yan itace daban. Wake da shinkafar ranar Litinin, waken ya tsaya a matsayin nama ko a matsayin ganye, amma ba duka biyun a faranti ɗaya ba. A ƙirga yara lokacin da abinci ke gabansu, ba a ƙirga da yamma daga ka. Ina faɗa ina danna hoto na gaba kafin na baya ya gama bayyana. Duk inda na ce akwai tambaya, zauren ya yi tsit. Mata fiye da ashirin, waɗanda a ranar banza sai sun yi rabin awa suna gardama a kan ko burodin masara hatsi ne ko kayan zaƙi, ba wadda ta ce uffan. Wata sabuwa ta fara ɗaga hannu, Earline ta juyo ta yi mata kallo ɗaya, hannun ya koma inda ya fito.

Mis Odile tana rubutu. Ta fi ni daɗewa a shirin, ta san awon nan tun kafin a ɗauke ni aiki, amma tana kwafe komai a bayan takardar addu'ar mijinta, wadda aka buga da hotonsa a gaba yana riƙe da kifi. Wayarta tana ta rawa cikin jaka. Ba ta taɓa ta ba. Earline ce ta zura hannu ta ciro.

"Yvette ce," ta raɗa, amma raɗar Earline duk zaure ke ji. Yvette ita ce babbar 'yar Mis Odile. "Ta ce Fada ya fara addu'a a coci. Ta ce kina ina."

"Ce mata ina tafe."

Na ci gaba. Yadda ake ajiye takardun shigar yara. Yadda mace za ta kira ofis in za ta fita da yara lokacin cin abinci, kada mai duba ta zo ta tarar da gida a kulle. Bakina yana ta aiki shi kaɗai, ni kuwa ina kallon wani ɗan zare da ya warware a bakin hular Mis Odile. Ban ji baƙin ciki ba, ban ji haushi ba. Ƙafata ta hagu kawai na ji tana ciwo, don takalmin ya matse ni.

Daga nan muka iso wurin da gudu ba ya aiki. Akwai bidiyo kan haƙƙin jama'a da hana wariya, wanda dole a kalla daga farko har ƙarshe. Ba a tsallake shi, ba a ƙara masa sauri, a ƙarshensa ne ma tambayoyin gwajin suke. Na kashe fitila na kunna. Wani mutum mai murmushi ya fito yana bayanin cewa kowane yaro daidai yake da ɗan uwansa a gaban faranti.

Bidiyon bai yi nisa ba matar jihar ta miƙe. Ta ajiye takardunta a kife a kan kujera, ta ce da ƙarfi, yadda kowa zai ji, cikinta ya ɓaci, za ta banɗaki kuma tana jin za ta daɗe. Ta fita ta ja ƙofa.

Na gane. Kowa ya gane. Na zo na tsuguna gaban Mis Odile cikin duhun.

"Tashi ki tafi. Ƙofar gefe a buɗe take. Zan ji da sauran."

"Tashi mana, Odile," in ji Earline, ta riga ta ɗauko makullin motarta. "Allah ya buɗe miki ƙofa kina zaune kamar an dasa ki."

Mis Odile ba ta ɗauke ido daga bidiyon ba.

"In ta dawo ta ga kujera ba kowa fa?"

"Ba za ta gani ba. Ba ta son gani."

"Yau ba ta so. Baɗi wani zai zo da yake so." Ta gyara jakar a kan gwiwa. "Su ce takardata ta bogi ce, su rufe ku, su rufe matan nan duka saboda ni. A'a, 'yar nan. In an ba ni, a ba ni ta gaskiya."

"Mis Odile, mijinki ne fa."

"Na san ko wane ne." Ta shafa hoton da ke kan takardar addu'ar. "Alcide ya saba jirana. Shekara arba'in yana zaune a mota yana danna mini oda. Yau ma ya jira."

Wata a baya ta yi dariya, dariyar ta koma kuka, ta toshe baki. Na daɗe a tsugune. Gwiwata ta gaji, na miƙe na koma kusa da majigi. Wayar ta sake rawa a hannun Earline, ta duba.

"Sun fito daga coci. Sun kama hanyar maƙabarta."

"To," in ji Mis Odile.

Matar jihar ta dawo ana dab da gama bidiyon. Ta shigo idonta a ƙasa, da gangan ba ta kalli layin gaba ba, sai da ta zauna ta ɗago. Ta ga baƙar hular tana nan inda ta bar ta. Ta cire tabarau ta riƙe a hannu, ba ta sake rubuta komai ba har aka tashi.

Na raba gwajin. Mis Odile ta amsa duka daidai, ta sa hannu na biyu, na cika takardar shaidarta na miƙa mata. Bakina ya ce, "Sai baɗi, in Allah ya kai mu," kamar yadda yake ce wa kowa. Ta ninke takardar ta sa a jaka.

Ni na kai ta, don motata ce a bakin ƙofa. Na bar majigi a kunne da kofunan awo a warwatse. A hanya ta ce in bi ta bayan kanti, nan ya fi kusa. Muna dosar maƙabartar muka fara cin karo da motoci suna fitowa a jere da fitilu a kunne. Wasu sun gane ta, suna rage gudu suna leƙe. Ta ɗaga musu hannu kamar yadda ake gaida maƙwabta daga baranda.

A ciki babu kowa sai ma'aikata biyu suna naɗe rumfa, da Yvette tsaye da takalmanta masu tsini a hannu. An riga an rufe kabarin. An tara furanni a kai daga wannan ƙarshe zuwa wancan.

"Mama." Muryar Yvette ta dushe. "Mun jira. Fada yana da ɗaurin aure, su kawu za su koma Houston. Mun jira har aka fara kallona. Ina kika shiga?"

Mis Odile ta buɗe jaka, ta ciro takardar shaidar, ta miƙa mata. Yvette ta warware ta karanta, ta juya bayanta ko akwai wani abu, babu.

"Mene ne wannan, Mama?"

"Na samu," in ji Mis Odile. "Ranar Litinin yara su zo."

Yvette ta kalle ni. Na kalli rumfar da ake naɗewa.

Mis Odile ta taka a hankali har bakin kabarin, dugaduganta suna nutsewa cikin ciyawa. Ta zagaya ta wannan gefe, ta tsaya, ta dawo ta wancan. Furannin sun rufe ko'ina, ba a kafa dutse mai ɗauke da suna ba tukuna. Sai ta juya wajen ma'aikacin da ya fi kusa, wani dattijo da igiyar rumfa a hannu.

"Bawan Allah," ta ce, "ta ina kansa yake?"

Mutumin ya cire hula. Ya kalli abokin aikinsa, abokin ya ɗaga kafaɗa.

"Ina jin nan ne, Mama," ya ce, ya nuna ƙarshen da ke wajen katanga. "Ina jin dai."

Ta je can ta tsaya.