Tukunyar Ummu Hazim

A falon Abu Hazim, tsakanin hoton mahaifinsa da agogon bango, akwai wani firem mai ruwan zinare wanda babu komai a cikinsa sai farin kwali. Duk Alhamis matarsa Ummu Hazim sai ta hau kujera ta goge shi, ta sauko tana tsaki. Baƙo ya zauna shan gahawa, ya ɗaga kai ya gani, ya rasa ta inda zai tambaya. Ko bai tambaya ba, maigidan zai gaya masa.

"Wurin takarda ne. Tana hanya daga Amman."

Takardar da yake nufi ita ce wadda hukuma ke bai wa wanda ya ƙirƙiro abin da ba a taɓa yi ba, da sunansa a jiki, ta hana kowa kwaikwayonsa sai da izininsa. Kaf unguwarmu a garin Zarƙa babu wanda bai san da firem ɗin nan ba. Har ta kai in mace ta ari tukunyarki kika tambaye ta yaushe za ta dawo da ita, sai ta ce ranar da firem ɗin Abu Hazim ya cika.

Shi dai mai walda ne, a gyaran motocin kwashe shara gashinsa ya yi fari. Amininsa Abu Jiryis, direban ɗaya daga cikin motocin, shi ya ishe shi da ƙorafi. Ƙarfen da ke ɗaga durom ɗin shara ya kifa shi a bayan mota yana aikinsa, amma shara mai danshi, su ganyen shayi da ragowar shinkafa da ɓawon tumatir, sai ta manne a gindi ta ƙi fita. Dole ma'aikaci ya hau ya yi ta jibgar durom da sanda har kafaɗarsa ta gurɗe. Daga nan Abu Hazim ya shige rumfarsa ya ja ƙofa, ya duƙufa ƙera abin da zai magance matsalar. Wani lauya ya gaya masa cewa in jama'a suka ga abin kafin a kai shi gaban hukuma, to ya zama na kowa. Sai ya hana kowa leƙawa, musamman matarsa.

"Ni za ka hana?" in ji Ummu Hazim.

"Ke in kin gani da hantsi, kafin azahar an ji a can garin Irbid."

Ta ji haushi, amma ba ta musa ba, don ita ma ta san bakinta.

To, amsar da ta zo daga Amman ba ta firem ba ce. Ranar ya shigo gida ko takalmi bai cire ba ya zauna a bakin gado.

"Sun ce duk an taɓa yi," ya ce. "Hannun ƙarfen wai wani Bajamushe ya yi shi tun kafin mu yi aure. Maƙalar durom ɗin kuma ta wani ɗan Italiya ce. Sun ba ni zama ɗaya in je in nuna abin da yake sabo. In babu, su rufe maganar."

Ummu Hazim ta leƙa falo ta dubi firem ɗin. Ta tuna yadda matan unguwa za su yi da ita in aka sauke shi babu komai a ciki, ta tuna hawan jinin mijinta. Ta ce ƙafarta ƙafarsa. Ga kuma 'yarsu Dima a Amman da tsohon ciki, kullum sai ta bugo waya tana kwaɗayin maklubar mamanta.

Kowa a ƙasar nan yana dafa makluba, ana jera kaza da soyayyen yalo a gindin tukunya, a rufe da shinkafa, in ta dahu a kife a faranti. Amma ta wata matar in an ɗage tukunya sai ta zube kamar gini a damina, rabi kuma ya rage a gindi ana kankara da cokali. Ta Ummu Hazim kuwa tsaye take fitowa, tukunya fes kamar an wanke. Da wannan take taƙama a duniya, da shi da 'ya'yanta.

Abu Jiryis ya ɗauke su a tsohuwar motarsa. Abu Hazim na gaba rungume da kwali, ita tana baya rungume da tukunya naɗe cikin bargo.

"Kowa da jaririnsa," in ji Abu Jiryis. "Ya Abu Hazim, in naka ya ƙi ci, mu ci nata mu dawo."

"Tuƙa mota, ɗan bola. Duk kai ka jawo mini."

Mai tantance takardun wata yarinya ce siririya da tabarau, Injiniya Lamis. Ummu Hazim ta shigo da shirin faɗa, sai ta tarar da wadda ba ta wuce sa'ar Dima ba, har ta miƙe ta ja musu kujera. Ta shimfiɗa zane-zanen mutanen ƙetare kusa da na Abu Hazim, tana nunawa da bayan biro a hankali, kamar mai nuna wa mara lafiya hoton ƙashinsa.

"Kawu, ba cewa nake kwafa ka yi ba. Mutum biyu suna iya faɗawa kan dabara ɗaya ba su san juna ba. Amma doka wanda ya riga take dubawa." Ta buɗe shafin ƙarshe. "Sai dai akwai layi ɗaya a nan ƙasa. Ka ce akwai tafin roba biyu a bayan durom, ka zana su 'yan mitsi-mitsi, ba ka ce komai a kansu ba. Na bincika ko'ina ban ga irinsu ba. Me suke yi?"

Abu Hazim ya saci kallon matarsa. "Ba komai. Ado ne."

"Ado a motar shara?" in ji Abu Jiryis.

"To kunna mu ga adon," in ji Lamis.

Ya buɗe kwalin kamar mai tone kabarinsa. Ƙaramin samfuri ne, bai fi keken ɗinki ba, da gwangwanin madara a matsayin durom, an danƙare shi da jiƙaƙƙen ganyen shayi da shinkafa. Ya danna. Hannun ƙarfe ya ɗaga gwangwani ya kifa. Sai ya tsaya cik, kamar ya lalace. Can tafin roba suka sauko, suka daddaɓa gefen gindin, tap-tap, suka ƙara ɗaya a tsakiya. Sannan gwangwanin ya ɗan karkace, gefe ɗaya ya fara tashi kafin ɗayan. Sharar ta sauka dunƙule, a tsaye, gwangwani fes.

Lamis ta cire tabarau. Abu Jiryis ya yi alamar gicciye a ƙirjinsa.

Ummu Hazim kuwa ta sauke ido. Hannuwanta ta duba a kan bargon tukunya. Ta tuna wata Juma'a da mijinta, wanda bai san inda ake ajiye gishiri ba, ya tsaya a ƙofar kicin yana mata daɗin baki: wai in abu ya manne a gindin tukunya yaya ake yi? Ita kuwa ta saki baki ta gaya masa: ba a dukanta da zafinta, sai a bari ta huta, ba a fara bugun tsakiya, sai gefe, ba a ɗagewa gaba ɗaya, sai a buɗe wa iska hanya ta gefe guda. Ranar har ta ƙara masa cinyar kaza, tana cewa tsufa ya sa ya san darajarta.

"Sabri," ta kira shi da sunansa na yanka, abin da ba ta taɓa yi a gaban mutane ba. "Maklubata ce wannan?"

Ya sunkuyar da kai.

"Maklubar da uwata ta koya mini? Ita ka kai bola?"

Abu Jiryis ya toshe baki da hula, kafaɗunsa na rawa don dariya.

"Kin ga abin da ya sa na ɓoye, 'yata?" Abu Hazim ya ce wa Lamis. "Ba kunyar mutane nake ji ba. Ita nake tsoro. Gara in rasa takardar da in rasa abincin Juma'a."

Lamis ta danne dariyarta da ƙyar. "Kawu, bari in gaya muku gaskiya ku biyun. Hannun ƙarfe ba zai ba ka takarda ba. Tsayawar nan da bugun nan da karkacewar nan, su ne sabo, kuma tun da suna cikin abin da ka shigar, ana iya gina maganar a kansu. Amma doka tana son sunan duk wanda dabarar ta fito daga kansa. Ni ba na cikin kicin ɗinku. Ku za ku faɗa mini."

"Daga kanta ta fito," ya ce. "Ni ƙarfe kawai na sa mata."

Sai duka suka juyo suna kallon Ummu Hazim. Ta san abin da ke jiranta. Tana jin muryar matan unguwa tun daga nan: Ummu Hazim, yau maklubar gida kika yi ko ta mota? Ta buɗe baki za ta ce a'a. Sai idonta ya sauka kan hannuwan mijinta, duk tabon wuta, yana mayar da gwangwaninsa cikin kwali a hankali, ya riga ya haƙura. Wannan mutumin ya yarda unguwa ta yi masa dariya har ya mutu, don kada ita a yi mata.

"Ajiye kwalin nan," ta ce. "Ai ma ba daidai ka yi ba. Ka yi saurin ɗagewa."

"Saurin me? Ba ki ga ya fita fes ba?"

"Gwangwanin madara ne. Ka gwada da babba ka gani. 'Yata, akwai faranti a gidan nan?"

Aka aika wurin mai shayin ofis ya kawo babban tirensa, aka wanke. Ummu Hazim ta naɗe hannun riga, ta kwance bargo, ƙamshi ya bi baranda yana buɗe ƙofofi. Kafin ta ɗora tire a bakin tukunya, ma'aikata sun cika ƙofa. Ta yi bisimilla ta kife. Ta ɗora tafukanta a kai ta tsaya.

"Me ake jira a nan, Inna?" Lamis ta tambaya, biro a hannu.

"Nauyinta ake jira ya sauko da kansa. In kin buga kafin ya sauko, sama ta rabu da ƙasa. Sa kunnenki."

Lamis, injiniya guda, ta sunkuya ta kara kunne a gindin tukunya. Ta ɗago ido waje. "Na ji! Kamar an yi ajiyar zuciya."

"To yanzu ake bugawa. Rubuta."

Tap-tap, da ɗaya a tsakiya. Ta karkata tukunya ta ɗage. Makluba ta tsaya a kan teburin hukuma, yalo na sheƙi a samanta, tururi na tashi. Ofis ya ɗauki tafi, wata mai shara a baranda har da guɗa. Aka nemo cokula. Lamis kaɗai ta koma bayan teburinta ta harɗe hannuwa.

"Maganarku tana hannuna, ba zan ci ba," ta ce, tana haɗiyar yawu. "Ku ci ku fita mini da ƙamshin nan, don Allah."

Dima kuwa sai wankakkiyar tukunya aka kai mata, da labari. Ta yi fushi na ɗan lokaci, daga baya dariya ta kusa sa ta haihu a kan kujera.

An ɗauki watanni ana gyaran rubutu, ana aikowa ana mayarwa. Ranar da takardar ta iso, sai aka ga ta fi firem ɗin tsawo, dole Abu Hazim ya koma rumfa ya ƙera wani. Sunaye biyu ne a jiki, Sabri da Wisal, wato nasa da na Ummu Hazim. Matan unguwa sun yi tsokanar da aka san za su yi. Ummu Hazim ta bar su suka gama, sannan ta tambayi wadda ta fi zaƙewa ko ita hukuma ta taɓa rubuta yadda take dafa wani abu. A makon nan tukwanen aro suka yi ta komawa gidajen masu su.

Juma'ar da ta biyo baya aka gayyaci Lamis, tun da maganar ta bar hannunta. Ta zo da yunwarta ta watanni. Abu Jiryis na gefe, da Ummu Hazim ta fito da tukunya sai ya fara kukan motar shara in tana ja da baya, har sai da ta yi masa barazana da ludayi. Aka ajiye faranti. Abu Hazim ya matso da kujerarsa, ya ƙura wa hannuwanta ido.

Ta dube shi, ta dubi Lamis da ta riga ta gyara tabarau. Sai ta juya musu baya, ta ja mayafinta ta rufe tukunyar da hannuwanta duka.

"Inna, ai mun rubuta komai," in ji Lamis.

"Kun rubuta abin da na nuna muku," ta ce.

Daga ƙarƙashin mayafin aka ji tap-tap, da ɗaya a tsakiya. Sannan aka ji wani ɗan motsi kuma, wanda babu shi a takarda.